Jita Mai Nauyin Ƙofa

Ni kafinta ne, kuma ba ƙaramin kafinta ba in dai Sabon Birni ake magana. Shekara goma sha tara ke nan ina yanka katako a rumfata ta bakin tasha. Ƙofa, gado, kabad ɗin amarya, bencin makaranta, babu wanda bai bi ta hannuna ba. Ko ido rufe ka miƙo mini katako za ni gaya maka maɗaci ne ko afara. Na faɗi wannan tun farko ne don a san cewa abin da ya same ni ba rashin sani ne ya jawo shi ba. Da rashin sani ne da abin ya zo mini da sauƙi.

Marwan taubashina ne, ɗan ƙanwar babana. Wanda ya san taubasantaka ya san yadda muke. Tun muna yara ban taɓa jin sunana a bakinsa babu tsiya a haɗe ba. "Bawana" yake ce mini, ni ma haka nake ce masa, har yau ba a raba gardamar wane ne bawan wani ba. Ranar ɗaurin aurena, a gaban surukaina, ya tashi ya ce a yi wa amarya jaje, ta sayi jaki a cikin buhu. Aka yi dariya, ni ma na yi, don hakkinsa ne.

Shi fatauci ya tashi da shi. Yakan ɗauki albasa da atamfa ya shiga Nijar, wani lokaci har Agadas. A can ya zauna da Buzaye ya koyo jita. In ya dawo gida, bayan la'asar sai ya zauna ƙofar gida ya ɗora ta a cinya, kafin ka ce me layin ya cika. Ni daga nesa nake tsayawa, ina yi kamar wani abu nake jira. Gidanmu gidan malamai ne, kakana ya yi limanci, kuma mun tashi da jin cewa kiɗa na maroƙa ne. Ina son abin da Marwan yake kaɗawa har cikin raina, amma ban taɓa yarda wani ya ga ƙafata tana motsi ba.

Bara da kaka motar da ya shiga ta kife da su a hanyar dawowa. Buhunan albasa suka danne shi, suka murƙushe jitar, suka karya ƙafafunsa biyu. Mai ɗori ya yi nasa, asibiti suka yi nasu, ƙafafun dai ba su sake ɗaukarsa ba. Na yi masa kujera mai hannuwa, ja mai duhu, sai ƙyalli take yi, na ajiye a zaure don a riƙa fito da shi yana shan iska. Wata takwas kujerar nan tana nan, kaji ne kawai suke hawanta. Marwan ya ƙi fita ko tsakar gida. In na shiga wurinsa bakin nan yana nan, zai ce, "Bawana, ka zaka ka ga ubangidanka kwance, kana murna ko?" Amma da zarar na ce ya bari in fitar da shi sai ya juya fuska bango.

"Ba ni son idon tausai," in ji shi. "Mutum shi dibe ka shi ce Allah sarki. Gara ɗaki."

Ana haka sai Hafizullahi ya zo daga Isa. Ɗan wani falke ne da suka sha tafiya tare da Marwan, aure zai yi nan da mako uku, kuma ya rantse babu wanda zai yi masa kiɗa sai Marwan. Marwan ya ce da wace jitar? Hafizullahi ya tafi a haka. Kashegari Sadiƙa, matar Marwan, ta zo har rumfata, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Yaya Labbo," ta ce, "tun da yaron ga yat tahi yatsunai ba su tsaya ba. Bisa tabarma shika kaɗawa. Yau da sahe har wanzami yac ce a kira mai. Na sai da tunkiyata. Kuɗin ba su kai na babbar jita ba, amma shi yac ce akwai masu sauƙi masu murya, in an samu mai zaɓe."

Na ga idonta, na gane abin da take nufi. In Marwan ya fita wannan karon ya fita ke nan. In bai fita ba, sai dai a fitar da shi ranar da ba a tambayar mutum.

Da yamma na same shi zaune, an yi masa aski, ya jingina da bango.

"Saurara da kyau, bawana," ya ce, "tunda Allah ya ba ka kunne irin na jaki amma ba ka ji da shi. Kak ka dibi ƙyalli. Ka ɗauki jitar tukuna, in ka ji ta sakayau kamar ƙwarya, to tsaya nan. Ka aza ido bisa wuyanta ka ga ko ya miƙe. Ka danna waya can ƙasa kusa da ciki, in sai ka sa ƙarhi sannan ta taɓa, aje ta. Sannan ka kaɗa. Ka ji ni? Ka kaɗa ta, ka saurara har muryar ta mutu, ka ga ko tana daɗewa."

"Ni za ka koya wa icce?" na ce.

"Ba ni koya ma komi, ƙwaƙwalwarka ta cika da garin katako. Baba Wada za shi Maraɗi ran Litinin, ku tahi tare. Wadda yac ce, ita za ka ɗauko."

Wannan maganar ta yi mini zafi. Baba Wada mai gurmi ne, maroƙi ɗan maroƙa, shi yake haɗa gurminsa da hannunsa, da ɗan duma da fatar damo. Gida huɗu ne tsakaninmu, kuma shekara arba'in ban taɓa taka zaurensa ba. Muna gaisawa a hanya, iyakarta ke nan. A ce ni da nake shafa katako tun gemuna bai fito ba, mai fafe duma ne zai yi mini zaɓe? Na ce to, amma a baki ne kawai.

Ran Litinin muka kama hanya da hantsi, don yanzu hanyar nan da rana ake binta a dawo da rana. Na shige gaban mota, Baba Wada yana baya tsakanin buhunan barkono. Da muka sauka Maraɗi na yi gaba, na bar tsoho yana biyo ni da ɗan sandansa. Shagon da Marwan ya kwatanta na wani Is'haƙa ne, mai sayar da rediyo da lasifika, ga jita guda bakwai rataye a bango. Ina sa ƙafa a ƙofar shagon na ji an kira sunana daga tsallake.

Alhaji Amiru ne, mutumin garinmu, zaune a kan benci a shagon kayan gini. Shi yake gina sabon masallaci a unguwarmu, ƙofa tara da tagogi, kuma bai ba kowa aikin ba tukuna. Wata biyu ina gaishe shi da hannu biyu. Na tsallaka na durƙusa muka gaisa. Ya ɗaga kai ya hango Baba Wada tsaye ƙofar shagon jita.

"Malam Labbo, tare kuke da Wada?"

"A'a, Alhaji," na ce. "Mota guda dai munka shigo."

Titin ba shi da faɗi. Baba Wada ya ji, na san ya ji, don ya sunkuyar da kai ya shige shagon.

Da na shiga na tarar ya riga ya fara. Yakan sauko da jita ya ƙwanƙwasa fuskarta da farce, ya kara kunne, ya mayar. Haka ya yi wa biyar. Ta shidan wata fara ce fat, babu ƙyalli, an taɓa amfani da ita, ga ƙarzuwa a gefe. Ya ƙwanƙwasa, ya sake ƙwanƙwasawa, sannan ya ja waya ɗaya da babban yatsa. Wallahi a ƙirjina na ji ta. Muryar ta fita ƙofa ta tsallaka titi, ta daɗe ba ta mutu ba. Ta wutsiyar ido na ga Alhaji Amiru ya juyo da kai.

"Ga ta, ɗana," in ji Baba Wada. "Riƙa ka kaɗa ka ji."

Na karɓa kamar an miƙo mini tukunya daga kan wuta. In kaɗa? A tsakiyar kasuwa, jikan liman, Alhaji yana kallo? Sai na koma abin da na sani. Na jinjina ta, ba ta da nauyin komai. Na danna fuskarta da yatsa, na ji tana ɗan lotsawa. Farin katako ne mai siraran layuka, ga idona bai fi na akwatin tumatir ba. A sana'ata katako mai lotsawa na marowaci ne. Na mayar da ita, na sauko da ta bakwai: ja mai duhu, sabuwa, kana ganin fuskarka a jikinta. Na jinjina, na ji nauyi ya cika hannu. Na duba wuyan, a miƙe yake. Na danna fuskar, ko gezau. Farashin kusan ɗaya ne.

"Wagga ita ta aiki," na ce. "Ta shekara ashirin ba ta motsa ba."

"Ba ƙohwa munka zaka saye ba, ɗana," in ji Baba Wada a hankali.

Har Is'haƙa mai shagon, wanda sabuwar ta fi masa riba, ya sa baki. "Malam, tsoho ya hi ka gaskiya. Ko dai ka kaɗa su dut biyu ka ji?"

"Kai rediyo ka sani," na ce masa. "Icce kuwa ni na san shi. Ɗaure min ita."

Na sa ya mayar da ita kwali, ya naɗe kwalin da buhu, yadda babu mai cewa ga abin da ke ciki. Da muka fito Alhaji Amiru ya tambayi abin da na saya, na ce saƙo ne. Da muka sauka a Sabon Birni Baba Wada ya ce Allah ya huta gajiya.

Marwan ya kwance buhun. Ya kama jitar a wuya ya ɗaga. Nan take na ga wani abu ya wuce ta fuskarsa, tun kafin ya taɓa waya. Ya ɗora ta a cinya, ya murɗa kunnuwanta ya daidaita wayoyin, ya kaɗa. A kunnena ba laifi, sai dai muryar tana fita take mutuwa, kamar ka buga ƙofar kabad da tafin hannu. Ya danna can ƙasa, ya saki, ya dubi kan yatsunsa.

"Baba Wada ya gan ta?"

"Tare munka zaɓa," na ce.

Ya shafa jan ƙyallin nan. Sadiƙa tana bakin ƙofa tana murmushi, ita dai ta ga abu mai kyau ya shigo gidanta.

"Na gode, Malam Labbo," ya ce. "Allah shi saka da alheri."

Malam Labbo. Tun da uwata ta haife ni Marwan bai taɓa kirana haka ba. Na fito ina ce wa kaina farin ciki ne ya sa shi ladabi, amma tuwon ranar bai shiga cikina ba.

Ranar biki ni na goya shi daga ɗaki zuwa mota. Ya runtse ido da muka fito hasken rana, ya yi sauƙi a bayana har abin ya ba ni tsoro. A Isa an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan ango bayan la'asar, maza sun fi ɗari. Babu lasifika, Hafizullahi ya ce yadda suke yi a hanyar Agadas yake so, kuma da tsohuwar jitarsa Marwan ya sha cika filin da ya fi wannan. Aka zaunar da shi a kan darduma, aka rufe ƙafafun da bargo. Baba Wada ma yana wurin, an gayyato shi da gurminsa, yana gefe yana jiran a zo kansa.

Marwan ya fara. Sahun gaba suka yi tsit suna gyaɗa kai. Sahu na uku suka miƙa wuya. Na baya suka jira, suka jira, sannan wani ya ɗauko zancen farashin gero, wani ya amsa masa. Daga can aka ɗaga murya, "Ƙara ƙarhi, ba mu ji!" Ya ƙara. Wayoyin sun yi nisa da wuyan, sai ya danna da ƙarfi, ga yatsun da suka yi wata takwas ba su taɓa waya ba sun yi laushi. Ina zaune kusa, na ga jijiyar wuyansa ta tashi, na ga gumi yana ɗiga. A waƙa ta biyu na ga jini a kan waya.

Sai Baba Wada ya matso da gindi a hankali har ya zo gefensa, ya ɗora gurmi ya bi bayan kiɗan, don na nesa su samu abin ji. Taimako ya yi niyya. Amma ɗan duman nan da bai fi ƙoƙon shan fura ba ya cika filin, ya shanye jitar gaba ɗaya. Kana ganin hannun Marwan yana tafiya, gurmi kake ji.

Marwan bai tsaya ba. Ya yi wa ango addu'a cikin waƙa, ya ambaci ubansa, ya ambaci amarya. Sannan, yadda ake yi wa duk wanda ya yi maka alheri, ya ambace ni. Ya ce a gaida Malam Labbo kafinta, masanin icce, wanda ya taka har Maraɗi ya zaɓo masa jita. Wannan kam kowa ya ji, don da baki ya faɗa. Kawuna suka juyo. Wani ya dafa kafaɗata yana sa mini albarka. Na dubi Baba Wada, shi kuwa tabarma yake kallo. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, da ƙasa za ta tsage da na gode mata.

Da ya gama mutane suka taso suna yi masa liƙi. Ba don kiɗan ba, ai ba su ji shi ba. Wani dattijo ya manna masa a goshi, ya dubi bargon da ke kan ƙafafunsa, ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki, bawan Allah." Marwan ya ce amin, na gode.  Da muka dawo na sauke shi a kan katifa, ya ce wa Sadiƙa ta saki labule.

Kwana goma ina zuwa. Kullum sai ya ce, "Sannu da zuwa, Malam Labbo. Ina iyali? Ina aiki?" Ya tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya da sunansu. In na tsokane shi na ce bawana ya yi ƙiba, sai ya ce alhamdu lillahi. Gemu ya sake tsirowa, ba a kira wanzami ba. Jitar kuwa Sadiƙa ta fito da ita ta jingine a kan kujerar zaure. Ita ma gaisuwa kawai take yi mini, kuma ban ga laifinta ba, tunkiyarta ce jingine a wurin.

Ran na goma sha ɗaya na ɗauke jitar na kai rumfata. Fushi nake yi, kuma da Is'haƙa nake yinsa, ina cewa ya cuce ni, ko da yake mutumin nan da bakinsa ya ce in kaɗa. Na ɗauki kurfi na ɗan kankari gefen fuskar don in ga irin iccen. Banish, wato man ƙyallin nan, ya ɓantaro, kaurinsa ya kai farce biyu. A ƙarƙashinsa filawud ne mai hawa uku, an cike ramukansa da garin katako da gam, an shafe, an zuba ja mai duhu a kai.

Na zauna a kan benci. Na san wannan aikin. Haka nake yi wa kabad ɗin amarya in uwarta tana son mai sauƙi kuma tana son 'yan kallo su yi magana. Filawud, gari da gam, banish hawa huɗu, nauyi ya zo, ƙyalli ya zo. Har launin irin wanda nake haɗawa ne. Shekara goma sha tara ina haƙa wa mutane wannan ramin, aka haƙa mini shi a Maraɗi na faɗa da ƙafa biyu, ina ce wa mai shago ni na san icce.

Ran Juma'a na koma Maraɗi ni kaɗai. Farar ta tafi, wani malamin makaranta daga Tibiri ya ɗauke ta kwana biyu bayan zuwanmu. Sabuwar da aka kankare kuwa ba ta komawa. Na dawo na wuce gidana, na ƙirga gida huɗu, na yi sallama a zauren Baba Wada. Yana zaune yana fafe duma. Na cire takalmi na durƙusa.

"Baba, na zaka in ba ka haƙuri. Abin da nic ce ma Alhaji Amiru..."

"Mota guda munka shiga ai," ya ce. "Gaskiya ka hwaɗi. Ina jitar?"

Na kawo ta. Ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya zura hannu ta ramin ciki ya lalubo.

"Ba ta zama waccan," ya ce. "Kak ka sa rai. Amma duma in ya yi kauri, kankare shi akai har shi yi magana. Kayan aiki suna wurinka, kunne shina wurina. Gobe in an yi hantsi ina rumhwarka."

Rumfata, kamar yadda na faɗa tun farko, a bakin tasha take. Kwana uku muka yi a wurin, ni da maroƙi a benci ɗaya, gari yana wucewa yana kallo. Na kwance wayoyi, na bi fuskar da samfefa har ja ya tafi. Na zura hannu ciki ina fiƙe sandunan da aka tokare ta da su, masu kauri kamar za a ɗora rufin ɗaki. In na yi kaɗan sai Baba Wada ya ƙwanƙwasa ya ce, "Saura." Ɗan abin da wayoyi suke hawa a kai, wanda shi yake kira jaki, na roba ne, ya sa na cire na sassaƙa wani da ƙashin saniya, gajere, don wayoyin su sauko kusa da wuya. Ta fito dabbare-dabbare, muninta har ba a magana.

Da muka mayar da wayoyi ya miƙe ya ɗauki sandansa.

"Kusa kowa na jin ta," ya ce. "Za ni can gindin dogon yaro, tsallaken hanya. Kai ka kaɗa. In na ji, ina ɗaga hannu."

"Ni, Baba?"

"Akwai wani?"

Ya tafi ya bar ni da ita a cinya, rana tsaka, ranar kasuwa. Ban iya komai ba, wayoyi shidan kawai na ja gaba ɗaya. Masu lodi suka juyo. Baba Wada bai ɗaga hannu ba. Na ƙara ja. Wani direba ya yi ihu, "Jama'a, jikan liman ya koma roƙo!" Tasha ta ɗauki dariya, mai shayi har da buga tebur. Daidai nan motar Alhaji Amiru ta zo wucewa, ta rage gudu, ya sauke gilashi ya dube ni da kyau, ya ɗaga gilashinsa. Ƙofofin masallaci wani kafinta daga Unguwar Lalle ne ya yi su daga baya. Kunnuwana suna zafi, amma na lura da wani abu: wannan kunyar ba ta kai rabin ta Isa ba. Na ci gaba da ja. Can na hango hannun tsoho ya tashi sama.

Bayan la'asar na shiga ɗakin Marwan da ita, babu kwali babu buhu. Kafin ya fara gaisuwarsa ta baƙi na tare shi.

"Tsaya in hwaɗa ma. Baba Wada wata yaz zaɓa, hwara, mai murya. Ni na ƙi ta. Ban kaɗa ko guda ba, don Alhaji Amiru shina kallo. Kuma na yi ma ƙarya nic ce tare munka zaɓa."

"Na sani," ya ce. "Tun da na ɗaga ta. Baba Wada ba shi ɗaukar wanga nauyi ko barci shikai."

"Mi ya hana ka zage ni?"

"Wanda ka iya ma ƙarya ba taubashinka ba na. Baƙo na. Baƙo kuwa gaisai akai."

 Na miƙa masa jitar. Ya jinjina, ya juya ta, ya dubi dabbare-dabbaren, ya shafa ƙashin da yatsa. Ya daidaita wayoyin ya kaɗa sau ɗaya, ya karkatar da kai yana bin muryar har ta ƙare. Ta ɗan daɗe. Ba kamar farar ba, ni da na ji su biyun na sani, amma ta daɗe. Ya danna can ƙasa, wayar ta taɓa ba tare da ya yi yaƙi da ita ba. Sadiƙa ta ɗaga labule ta tsaya.

"Wa ya gwada ta?"

"Ni. Bakin tasha. Ran kasuwa."

"Kai? Gaban mutane?"

"Gaban Alhaji Amiru."

Ya dube ni ya daɗe. Gefen bakinsa ya motsa, ya danne.

"Cikin ɗaki ba a sanin jita," ya ce. "Kuma ba ni yarda da kunnen jaki. Kai, bawan banza, mi kaka jira? Duƙa."

Na duƙa, idona ya cika, na gode Allah da bayana yake ba ya gani. Na goya shi muka ratsa tsakar gida, Sadiƙa ta riga mu zaure ta kore kaji ta goge kujera da gefen zane, ta jawo ta ƙofar gida. Na zaunar da shi. Masu wucewa biyu suka tsaya, ya yi kamar bai gan su ba. Can ƙarshen layi Baba Wada yana zaune a dakalinsa.

Marwan ya gyara jitar a cinya. Sannan ya dubi hannun kujerar, ja mai duhu, yana ƙyalli. Ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya kara kunne.

"Bawana," ya ce, "wagga hwa? In anka kankare ta, mi za a iske?"

Na sunkuyar da kai. Wata tara ke nan da na yi ta, ga ɗan'uwana da ƙafafunsa suka mutu, kuma na san abin da ke ƙarƙashin jan nan.

"Gobe za ni kawo wata," na ce.

"Ta maɗaci," ya ce. "Yanzu matsa can, ka tare min hanyar murya."